Amsa ga mai tambayar jihohin Luksamburg: can babu jiha, komin ɗinka za ka nema

Wa alaikumus salam. Ƙanina mai tambaya, na ga ka ce ka samu gurbin karatu a jami'ar Luksamburg reshen Belval, kana son sanin jiha nawa ƙasar take da su da kuma wace jiha Belval ɗin take don ka fara neman ɗaki. Da farko barka, Allah ya sa albarka. Na ga wasu sun ba ka amsa cewa jihohi uku ne, wani ma ya ce 12, to kowa da inda ya ɗauko tasa amma dukkansu ba za su amfane ka ba in ka sauka. Tun 2018 nake zaune a ƙasar nan, nima ta karatu na shigo, bari in faɗa maka yadda abin yake a ƙasa.

Babu jiha kwata-kwata, babu gwamna. Ƙasar duka murabba'in kilomita 2,586 ce, jihar Legas ma ta fi ta faɗi, daga can arewa zuwa kudu kilomita 82, gabas zuwa yamma 57, kaga ina wurin da za a yanka jiha a nan. Gwamnati hawa biyu ce kawai, ta ƙasa a babban birni, sai komin, wato kamar ƙaramar hukuma, shikenan. Komin ɗin nan yanzu guda 100 ne cif. Lokacin da na zo 102 ne, a 2023 aka sake haɗe wasu ƙanana, don sun daɗe suna wannan haɗe-haɗen, ƙauyuka biyu su ga kowa shi kaɗai ba zai iya riƙe makaranta da ma'aikata ba sai a tambayi mutanen gari a yi ƙuri'a su zama ɗaya.

Wanda ya ce maka uku, tsohon labari ya karanto. Da akwai gundumomi uku, Luksamburg da Diekirch da Grevenmacher, kowace da kwamishinan da ke sa ido kan komin-komin, an soke su a 2015, yanzu ma'aikatar cikin gida ce ke duba su kai tsaye. Wanda ya ce 12 kuma kanton yake nufi, kuma eh suna nan har yau: Esch, Capellen, Luksamburg, Mersch, Remich, Grevenmacher, Echternach, Diekirch, Redange, Wiltz, Clervaux, da ɗan autansu Vianden. Amma fa suna ne kawai a taswira. Babu ofishin kanton, babu shugaban kanton, babu kasafin kuɗi, shekara da shekaru ina nan ko sau ɗaya ba a taɓa tambaya ta kanton ɗina a wani ofis ba. 'Yan uwanmu na Nijar kar ku ji kanton ku ɗauka irin naku ne mai sarki da fada da dogarai, wani abokina ɗan Maradi da ya zo ziyara sai da ya tambaye ni ina gidan sarkin kanton ɗin Esch, muka yi ta dariya. Amfaninsu ɗaya da na sani shi ne da su ake zana mazaɓu da yankin kotu. Mazaɓun majalisar ƙasa huɗu ne, Kudu kujera 23, Tsakiya 21, Arewa 9, Gabas 7, jimla 60. Kotuna manya kuma yanki biyu, Luksamburg da Diekirch. Wannan duk ba abin da zai dame ka ba ne sai dai ko a hira.

To yanzu komin, nan ne maganar take. Duk rayuwarka a takarda a hannun komin take. Kana sauka, tunda ba ɗan Tarayyar Turai ba ne kai, cikin kwana uku ake so ka je ofishin komin ɗin da za ka zauna ka yi rajistar isowa, da fasfo da takardar izinin da aka aiko maka da shaidar ɗakin da ka kama. Da wannan takardar za ka je gwajin likita, da ita za ka nemi katin zama a hukumar shige da fice, wannan kam ta ƙasa ce a birni take, banki ma adireshin da ke rajista suke so su gani. In babu ita komai ya tsaya cak. Ruwan famfo komin, shara komin, makarantar firamare da gidan renon yara bayan an tashi komin, ɗaurin aure na hukuma komin, takardar haihuwa, izinin gini, har ɗan katin da za ka manna a mota ka yi fakin a layinku. Kuma kuɗin ruwa da na shara ba ɗaya ba ne ko'ina, kowace komin da nata farashin, ranar kwasar shara ma daban, za su ba ka kalanda ka liƙa a firji, in ka fitar da bola ranar da ba ita ba haka za ta kwana ta wuni tana jiranka maƙwabta suna kallonka ta taga.

Ga inda ni na sha kunya, kuma kai ma tarkon yana gabanka tunda Belval za ka. Belval ba komin ba ce, tsohon filin masana'antar ƙarfe ne da aka mai da shi unguwar jami'a, har yau tanderun narka ƙarfen suna nan tsaye a tsakiyar harabar, kuma filin ya faɗa cikin komin biyu, wani ɓangare Esch wani ɓangare Sanem. Ni ɗakina a Belvaux yake, kowa kuma ce min yake ai Esch kake, jami'a Esch, jirgi Esch, sai na kwashi takardu da sassafe cikin sanyi na tafi ofishin magajin garin Esch na ja lamba na zauna. Da layi ya zo kaina matar ta duba adireshin ta yi murmushi ta ce ai Belvaux a ƙarƙashin Sanem take, ba nasu ba ne. Na ce to ina ne Sanem ɗin, a raina ina lissafin wata tafiyar, ashe ofishin komin ɗin Sanem a cikin Belvaux ɗin ma yake, da ƙafa zan iya zuwa daga ɗakina. Wallahi ranar na ji haushin kaina. Abin da ban gane ba lokacin shi ne sunan garin da ke jikin adireshi daban, sunan komin daban, komin ɗaya tana iya ƙunsar garuruwa uku huɗu ko fiye, wasiƙa da sunan gari take zuwa amma rajista da sunan komin ake yi. Don haka duk ɗakin da ka gani a intanet fara binciko garin a wace komin yake.

Sai maganar suna, ita ma tana rikita baƙo. Harshe uku suke aiki da shi, Luksamburganci da Faransanci da Jamusanci, gari ɗaya sai ya yi suna uku. Troisvierges da ke can arewa ita ce Ëlwen ita ce Ulflingen. A allon shiga gari za ka ga na Faransanci a sama na gida a ƙasa. Esch ma biyu ce, Esch-sur-Alzette taku ta kudu, birni na biyu a girma, da Esch-sur-Sûre wani ɗan ƙauye mai kyau a arewa kusa da dam, kar ka ga ɗaki mai araha a "Esch" ka yi saurin tura kuɗi. Kuma kalmar Luksamburg kanta abu huɗu take nufi, ƙasar, babban birnin mai unguwa 24, kanton ɗin, sannan wani lardi a cikin Beljiyam mai hedikwata a Arlon wanda ya ma fi ƙasar girma, a 1839 aka yanke shi aka ba Beljiyam. Masu tallan ɗaki sun san da haka, sai su rubuta Luksamburg alhali gidan a Beljiyam yake.

Wannan ya kawo ni kan haya. Tsada kam akwai ta, ba wasa, shi ya sa mutum sama da 200,000 ke kwana a Faransa da Beljiyam da Jamus kullum su tsallako aiki su koma. Za ka ji ana ce maka ka kama ɗaki a Audun-le-Tiche da ke Faransa, ga ta nan jikin Esch, ba shinge ba mai tambayarka fasfo, ai ƙauyen Schengen ɗin da aka yi yarjejeniyar buɗe iyakoki ma a nan ƙasar yake, kanton ɗin Remich. Kar ka yarda. Su masu yin hakan yawanci 'yan Turai ne, kai izinin zamanka na Luksamburg ne, dole adireshinka ya zama a wata komin ta cikin ƙasar. Haka nan in mai gida ya ce zai ba ka ɗaki da sauƙi amma ba za ka yi rajista da adireshin ba, gudu. An taɓa yi min wannan tayin, mutumin har da cewa in ari adireshin aboki, Allah ya taimake ni wani babban yaya ɗan Ghana da ya daɗe a nan ya ce kul, in aka gano kai da abokin duka za ku shiga uku.

Abin da zai sauƙaƙa maka, tun 2020 bas da tiram da jirgin ƙasa kyauta ne a duk faɗin ƙasar in dai ba aji na ɗaya za ka shiga ba, don haka ba dole sai a Esch ba. Differdange, Pétange, Schifflange, Dudelange, duk kudu ne kuma kusa, ka duba can ma. In ka sauya gida zuwa wata komin, cikin kwana takwas ka je sabuwar ka sanar, ni da na yi aure na koma Ettelbruck haka na yi, minti goma aka gama.

Wani abu da ya burge ni, baƙo ma yana zaɓen komin, ko daga ina ya fito. Da sai ka shekara biyar, a 2022 aka cire sharaɗin, na yi rajista na jefa ƙuri'ata a watan Yuni 2023. Duk shekara shida ake yi, ana zaɓen kansiloli, daga cikinsu ake samun magajin gari da mataimakansa. Sai dai ka sani in ka sa sunanka a rajistar to fita zaɓe ya zama dole a doka, ba irin namu na in ka ga dama ba. A ƙasar da kusan rabin mazaunanta baƙi ne kuma ba su da ƙuri'a a zaɓen majalisar ƙasa, gaskiya ina ganin wannan ɗin bai kamata a yi wasa da shi ba.

In wani fom na intanet ya nace sai ka cike gurbin jiha, rubuta Luksamburg kawai ka wuce, haka duk muke yi. In ka samu ɗaki ka turo sunan garin a nan kafin ka biya ko sisi, in duba maka komin ɗin.