Wane ne Johnson, makaɗin finafinan Kerala?

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne, ina buga fiyano a wani ɗan situdiyo da ke Unguwar Rogo, nan Jos. Abokina ya tura mini wani tsohon fim ɗin Indiya a waya, Manichitrathazhu, ya ce daga shi aka ɗauko labarin Bhool Bhulaiyaa. Ko kalma ɗaya ban ji ba a yaren, amma kiɗan da ke bin 'yan wasan ya hana ni barci. Na ga an rubuta sunan Johnson. Bature ne? A wace makaranta ya koyi kiɗa? Mu dai a nan waƙa kaɗai ake biyanmu, kiɗan cikin fim sai a ce mu manna kowanne.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Wallahi ka faranta mini rai, don ba kowa ke tsayawa ya karanta sunayen da ake jerawa a fim ba.

Johnson ba Bature ba ne, Ba'indiye ne gaba da baya. An haife shi ranar 26 ga Maris 1953 a Thrissur, cikin jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya. Yarensu Malayalam, kuma akwai Kiristoci da yawa a yankin, shi ya sa ka ga irin wannan suna. Mu da muka tashi muna shiga silimar Kwararafa, a zatonmu duk fim ɗin Indiya daga Bombay yake fitowa. Sai da na girma na san Kerala na da tata masana'antar, labaranta kuma sun fi kama da zaman gida irin namu.

Makaranta kuwa, coci ce makarantarsa ta farko. Yana yaro yana rera waƙa a can, ya koyi hamoniyam, wato akwatin kiɗan nan da ake hura wa iska da hannu ɗaya ana latsawa da ɗayan. A 1968 shi da abokansa suka kafa ƙungiyar makaɗa a garinsu. Mawaƙi P. Jayachandran ne ya haɗa shi da G. Devarajan, babban makaɗin finafinan Malayalam na zamanin, Devarajan kuma ya tafi da shi Madras, wadda yanzu ake kira Chennai, a 1974. Shekaru ya yi yana yaron gidansa, yana kallon yadda ake tsara makaɗa a ɗakin ɗaukar sauti. Sai a 1978 darakta Bharathan ya ba shi fim ya yi wa kiɗan bayan fage, wato kiɗan da ke bin 'yan wasa a cikin fim. Waƙoƙin kansa ma sai a 1981 ya fara. Ka lura da wannan jeri, kiɗan da kuke mannawa shi ne ya fara buɗe masa ƙofa.

Daga nan likafa ta ci gaba. Ya yi aiki da darakta Padmarajan har fim ɗin daraktan na ƙarshe a 1991, ya yi da darakta Sathyan Anthikad, finafinan da ya yi wa kiɗa sun haura 300. A farkon shekarun 1990 ya ci lambar yabon ƙasar Indiya shekara biyu a jere, da Ponthan Mada da Sukrutham, duka biyun saboda kiɗan bayan fage. Fim ɗin da ka kalla ma, na 1993, waƙoƙinsa na M. G. Radhakrishnan ne. Rabon Johnson a ciki shi ne wannan kiɗan da ya hana ka barci.

Abin da ya sa nake girmama shi, ya san lokacin da zai ɗauke hannu. Koma wurin da jarumar fim ɗin take buɗe ɗakin da aka daɗe da kullewa. Rufe sautin wayarka ka kalla, sannan ka buɗe ka sake kallo. Za ka ji rabin tsoron a kunne yake, ka kuma ji inda ya bar shiru ya yi masa aiki.

Bara na zauna a wani situdiyo a Bauchi Road. A gabana yaro ya jawo wani kiɗa daga kwamfuta ya ɗora a kan uwa tana kukan ɗanta, ko minti biyar bai yi ba. Da aka zo wurin kamu, sai ya sake ɗora shi. Ban ga laifinsa ba, ba a biya shi don ya tsaya ya ji zafin matar ba. Amma abin ya tsaya mini a rai har na koma gida.

Johnson ya rasu a Chennai ranar 18 ga Agusta 2011 sakamakon bugun zuciya, yana da shekara 58.

Kai kuma, ɗana, a fim na gaba da za a kawo maka, zaɓi fitowa ɗaya tak, ka kalle ta sau goma kafin ka taɓa fiyano, ka yi mata kiɗanta na kanta ko ba a ƙara maka sisi ba. Idan ka gama, turo mini ta wannan fili in saurara.