Ku Tambayi Anti: Bidiyon Ƙanena Yana Hannun Wani a Abuja

Wasiƙu biyu na ɗauko wannan makon, dukkansu kan maganar da mutanenmu ba sa son kamawa da baki. Na cire sunaye da unguwanni kamar yadda aka roƙe ni.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Ni ce babba a ɗakinmu, mahaifinmu ya rasu. Ƙanena tela ne, shekararsa 26, shi ke riƙe da Inna da cefanen gida. Yakan je Legas saro yadi, wani lokaci ya yada zango a Abuja kwana biyu. Makon jiya ya zo gidana bayan isha'i jikinsa na rawa. Ya ce wani da suka haɗu ta waya ya kai shi fati a wani gida a Abuja, irin na maza masu neman maza, aka ɗauke shi bidiyo yana rawa bai sani ba. Yanzu mutumin ya ce ko a tura masa naira dubu ɗari uku, ko ya watsa a Facebook ya tura wa 'yan unguwarmu. Ya riga ya tura dubu tamanin. Anti ba na iya barci. In gaya wa kawunmu? In gaya wa maigidana? Mu kai ƙara wurin hukuma? Daga 'yarki a Bauchi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata. Kafin komai, ki lura da ƙofar da yaron nan ya ƙwanƙwasa da daren nan. Bai je wurin abokai ba, bai shiga mota ya ɓace ba, wurinki ya zo. Shekarun da na yi ina aikin jinya a nan Bauchi sun nuna mini cewa yaron da aka ritsa haka, in ya rasa wanda zai gaya wa, kansa yake fara tunanin cutarwa. Saboda haka aikinki na farko a yau shi ne ki kira shi ya zo ya ci tuwo a gidanki, ki dube shi ido da ido ki tambaye shi ko ya yi tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin, sauƙi take kawo masa. In ya ce e, kada ki bar shi ya kwana shi kaɗai a shago, kuma ki raka shi wurin likita.

Abin da ya same shi yana da suna a Legas da Abuja, kito suke ce masa. Mutum zai buɗe shafi a manhajar haɗuwa ko a Facebook da hoton da sau da yawa ba nasa ba ne, ya yi ta hira da kai har ka saki jiki, ya san sana'arka da garinku da sunan yayarka. Daga nan sai gayyata. Wani a kai shi ɗaki a tarar da ƙarti suna jira, a yi masa duka, a ƙwace waya, a tilasta masa ya tura abin da ke asusunsa. Wani kuma, kamar ƙanenki, a bar shi ya sake a wurin fati a ɗauki bidiyo a ajiye. Irin waɗannan tarukan ba su da allo a ƙofa. A gidan haya na kwana ɗaya ake yinsu ko a zauren otal, da sunan bikin ranar haihuwa, ana tura adireshi ta WhatsApp sa'o'i kaɗan kafin a fara. Wannan ɓoyon shi ne jarin mai kito, domin ya san wanda ya cuta ba zai iya fitowa ya yi kuka ba.

Dalilin ɓoyon kuwa doka ce, kuma gara ki san ta sarai. A watan Janairun 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana auren jinsi. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka ɗaura irin wannan aure, da shekara 10 ga wanda ya kafa ko ya shiga kulob ko ƙungiya irin tasu. A nan Bauchi kuma ga dokar shari'a a kai, wadda hukuncinta kan luwaɗi ya kai har jefewa. A 2022 wata kotun shari'a a Ningi ta yanke wa mutum uku wannan hukunci, ko da yake irinsa ba ya zartuwa sai an wuce damar ɗaukaka ƙara kuma gwamna ya sa hannu. A maƙwabtanmu Gombe, cikin Oktoban 2023, jami'an Sibil Difens sun kama mutum 76 a wani bikin ranar haihuwa, maza 59 da mata 17, aka ce shirin auren jinsi ake yi. A Legas, cikin Agustan 2018, 'yan sanda sun kwashe maza 57 daga wani otal a Egbeda, aka jera su gaban kyamara, aka gurfanar da 47. Bayan shekara biyu, a Oktoban 2020, kotun tarayya ta kori ƙarar saboda masu gabatar da ita sun kasa bin ta yadda ya kamata. Kotu ta sallame su, amma fuskokinsu sun riga sun zaga ƙasa, kuma sallamar kotu ba ta mayar wa mutum aikin da aka kore shi ko ɗakin da aka fitar masa da kaya.

Abin da ya fi kotu ba ni tsoro shi ne taron jama'a. Ina garin nan a Janairun 2014 lokacin da mutane suka yi ta ruwan duwatsu a kotun shari'a ana tsakiyar sauraron shari'ar wasu da ake zargi, har sai da jami'an tsaro suka yi harbi sama. A cikin makonnin nan aka kawo mana wani saurayi da dare, kansa a fashe, wai an ce an gan shi da wani. Ina ɗinke masa kai yana roƙona kada a kira gidansu. Ban taɓa sanin ko zargin gaskiya ne ba, kuma waɗanda suka fasa masa kan ma ba su sani ba. Har yau in na wuce ta layin da aka tsinto shi sai gabana ya faɗi.

Don haka, kawu a'a. Ba don kawunku mugu ba ne, sai don magana in ta shiga kunne uku ta zama ta gari, kuma ba ki da iko da abin da zuciya za ta sa dattijo ya yi a cikin daren da ya ji. Maigidanki ke kika san shi. In mai riƙe sirri ne wanda ba ya yanke hukunci cikin fushi, kina iya buƙatar kafaɗarsa nan gaba. In kina shakka ko kaɗan, ki bari tukuna. Inna kuwa a ƙyale ta da hawan jininta in tana da shi. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Kuɗi, kada a ƙara tura ko kwabo. Dubu tamanin ɗin da ya tura ta shaida wa mutumin cewa akwai tsoro kuma akwai abin tatsa, in an cika dubu ɗari uku wata mai zuwa zai dawo da sabon farashi. Ƙanenki ya adana duk saƙonnin barazanar da lambar asusun da ya tura kuɗin da shaidar banki, ya turo miki ki ajiye. Ya rufe jerin abokansa na Facebook yadda baƙo ba zai gani ba, ya cire lambar shago daga shafinsa na ɗan lokaci, ya daina amsa kira da saƙon mutumin. Da yawansu in sun ga rijiya ta ƙafe gaba suke yi, domin watsa bidiyon ba ya kawo musu ko sisi. Ba zan yi miki alkawarin ba zai watsa ba. Shi ya sa nake so ku shirya tun yanzu inda yaron zai je ya kwana biyu in abu ya fashe, wani gari da kuke da ɗan'uwa mai hankali, da kuɗin mota a ajiye a hannunki.

Batun hukuma: karɓar kuɗi da barazana laifi ne, kuma dokar laifukan intanet ta 2015 ta haɗa da tsoratar da mutum ta saƙo. Amma kada ya ɗauki ƙafa ya tafi ofishin 'yan sanda shi kaɗai da wayarsa a hannu, domin mai ƙara na iya komawa wanda ake tuhuma kafin azahar. A fara ganin lauya. Abin da ka gaya wa lauyanka amana ce a doka. In babu kuɗin lauya, akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta Legal Aid Council, akwai kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa, dukkansu suna da ofisoshi a jihohi. Lauyan ne zai auna ko a kai ƙara da yadda za a kai ta.

Sai abin da ba ki tambaya ba, amma ni ma'aikaciyar jinya ce. Ya je a gwada jininsa, ƙanjamau da ciwon hanta, yanzu, sannan a sake bayan wata uku. Ba sai ya yi wa kowa bayanin dalili ba. Maganin ƙanjamau kyauta ne a asibitocin gwamnati, kuma wanda ya fara da wuri yana rayuwarsa kamar kowa. Ga sauran masu karatu: akwai maganin kariya da ake sha na kwana 28 in mutum yana tsoron ya ɗauki ƙanjamau, amma sai an fara shi cikin sa'o'i 72 bayan saduwar.

Na san akwai abin da ke cin ranki wanda ya wuce bidiyo, wato shi kansa abin da ƙanenki ya faɗa miki game da kansa. Ni ba malama ba ce, ba zan ba ki fatawa ba, kuma matsayin addini a kan wannan ba ɓoyayye ba ne gare ki ko gare shi. Amma addinin nan dai shi ya hana mu bin diddigin asirin mutane a cikin Suratul Hujurat, kuma Manzon Allah (SAW) ya yi albishir cewa wanda ya suturta Musulmi, Allah zai suturta shi duniya da lahira. Duk nasihar da kike son yi masa, sai yana raye kuma yana iya shigowa gidanki za ki yi ta. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ki sake rubuto mini bayan mako biyu in ji halin da ake ciki.

Tambaya: Anti barka da aiki. Ni ɗan Gombe ne, ina digiri na biyu a Manchesta ta Ingila. Abokan zamana a gida sun gayyace ni bikin masu neman jinsinsu da suke kira Pride, kuma ɗaya daga cikinsu ya gaya mini namiji yake aure. Yana da kirki, shi ya nuna mini inda ake sayar da naman halal. Ba na son zuwa, ba na kuma son in ɓata masa. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗana, ka ce masa na gode, ba zan samu zuwa ba, shi ke nan. Ba wanda zai tilasta maka, kuma ba sai ka yi wa'azi kafin ka ƙi gayyata ba. Bikin da kake magana asalinsa daga Amurka ne, daga tarzomar da ta ɓarke a Yunin 1969 lokacin da 'yan sanda suka kai samame wata mashayar masu neman jinsinsu mai suna Stonewall a birnin New York. A garin da kake, ƙarshen Agusta suka saba yin nasu, kuma cibiyarsa titin Canal Street ne, inda mashayu da gidajen rawarsu suke a fili da tutar bakan gizo a ƙofa. Shekarar da aka sa hannu kan dokar hani a nan, 2014, ita ce shekarar da aka fara ɗaura auren jinsi a Ingila bisa doka. Ƙasar da kake ciki ke nan, kuma dokarta ta 2010 ta hana nuna wariya, wadda ke kare ka a matsayinka na Musulmi baƙar fata, ita ce ke kare abokin zamanka. Zagi ko cin mutunci a kan wannan na iya kai ka gaban kwamitin ladabtarwa na jami'a, har ya taɓa karatunka.

Abu ɗaya nake roƙonka. In hanya ta bi da kai ta wurin a ranar, ka bar wayarka a aljihu. Kada ka ɗauki bidiyo ka turo wa 'yan gida don a sha mamaki. A cikin taron nan akwai 'yan Najeriya, wataƙila har da ɗan Tudun Wada ko Jekadafari da iyayensa ke zaune lafiya a Gombe, kuma ka karanta wasiƙar da ke sama. Mutumin da ya nuna maka mahauta kuwa, in ka dafa shinkafa da miya ranar Juma'a, ka zuba masa.