Kare ya ciji yarona amma ciwon ya bushe, dole ne sai an yi allura?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, ya aiki. Kwana huɗu ke nan wani kare ya ciji ɗana mai shekara bakwai a ƙafa, wurin bai yi zurfi ba, ɗan jini ne kaɗan ya fito kuma yanzu har ya fara bushewa. Babansa ya ce tunda yaron garau yake a ƙyale shi, ni kuma hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah ya zan yi? Sannan wai me ya hana hukuma ta kashe karnukan nan masu gararamba kowa ya huta?
Daga wata uwa

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya, Allah ya kiyaye gaba. Ki kai shi asibiti yau ɗin nan, kar a ce sai gobe, ki gaya musu kare ne ya cije shi da ranar da abin ya faru. Ki nuna wa Maigida amsar nan ma, na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma bushewar ciwo ba ta nuna komai a cutar haukan kare.

Ƙwayar cutar a yawun dabbar take, in ta shiga jiki sai ta kama jijiya ta riƙa binta sannu a hankali har ƙwaƙwalwa, shi ya sa mutum zai yi wata biyu ko uku yana harkokinsa lafiya ƙalau, wani sati ɗaya ma ta bayyana, wani kuma har shekara, kuma cizon da ya fi kusa da kai ya fi saurin isa. To da zarar alamu sun fito, zazzaɓi, zugi ko ƙaiƙayi a wurin cizon, firgici, mutum ya ga ruwa maƙogwaronsa ya shaƙe ya kasa sha, gaskiya da wuya a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara, yawanci a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, irin su ɗanki.

Allurar kuwa in an fara ta kafin alamu, tana tare cutar. Tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya sa aka yi wa wani yaro ita a Faransa ya rayu. Ta yanzu a hannu ake yi, an bar yayin waccan ta ciki da ake tsorata mutane da ita, ana yin ta ranar farko, ta uku, ta bakwai, wani tsarin da ƙari, don Allah a cika kar a tsaya a ɗaya. Tunda ya yi jini za su iya ƙara wata da ake yi a kewayen ciwon. In kun san karen a sa masa ido kwana 10, amma kar ku ce sai kun ga abin da ya same shi sannan ku fara. Nan gaba kuma duk wanda aka ciza ko aka yakushe, a wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15.

Batun kashe karnuka, an sha gwadawa bai yi ba, ana kashe wasu, wasu na cike gurbinsu, masu karnuka kuma su ɓoye nasu har da marasa rigakafi. Abin da ke aiki shi ne a yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi a kuma riƙa maimaitawa, tunda kusan kashi 99 na masu kamuwa daga kare suke ɗauka. Haka Meziko ta yi shekara da shekaru kyauta, har a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar mutane sun daina ɗaukar cutar daga kare a ƙasar.