Zauren Gyaran Turanci: Ku Tambaya, Mu Amsa

Wasiƙun wannan wata sun fi ƙarfin shafi ɗaya, don haka muka tsamo waɗanda matsalarsu ta fi damun jama'a. Sauran sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

Tambaya: Malamai, ina aji shida na sakandare kuma bana zan zauna jarrabawar WAEC. Duk insha'in da na rubuta sai malaminmu ya dawo mini da shi ja-wur da biro, alhali na san abin da nake faɗa. Ga layin da ya fi zane wa: "I went to the market, I bought tomatoes, it was very expensive, I came back home." Ina laifinsa?
Wata ɗaliba daga Zariya

Amsa: 'Yar uwa, wannan Hausa ce tsantsa aka sa mata rigar Turanci. Juya shi ki ji: "Na tafi kasuwa, na sayi tumatir, ya yi tsada ƙwarai, na dawo gida." Babu Bahaushen da zai ce uffan, domin haka muke ba da labari, aiki na bin aiki, waƙafi na raba su. Turanci bai yarda da haka ba. A wurinsa duk inda aka sami mai aiki da aikatau, kuma ma'ana ta cika, to jimla ta tsaya da ƙafarta, kuma waƙafi kaɗai ba shi da ƙarfin ɗaure jimla biyu irin wannan. Ke kuwa guda huɗu kika ɗaure da shi.

Hanyar gyara uku ce. Ko ki sa aya ki fara sabuwar jimla da babban baƙi. Ko ki kawo mahaɗi irin su "and", "but", "so" da "because". Ko kuma ki ambaci mai aikin sau ɗaya ki jero ayyukansa: "I went to the market, bought tomatoes and came back home. They were very expensive." Kin ga "I" ta fito sau ɗaya tak. Kin kuma ga "it was" ta koma "they were". Mu a Hausa tumatir ko kwando guda ne "shi" muke ce masa, amma da kika rubuta "tomatoes" kin riga kin yi jam'i, dole wakilin suna da aikatau su bi sahu.

Ki san yadda ake raba makin, zai taimake ki. Insha'i a WAEC maki 50 ne: 10 na abin da kika faɗa, 10 na yadda kika tsara shi, 20 na iya sarrafa harshe, 10 kuma na ƙa'idojin rubutu, wato nahawu da alamomi da rubuta kalma daidai. A wannan kashi na ƙarshe kowane kuskure rabin maki ake cirewa. Kuskure 20 ke nan sun cinye goman nan ƙaf, kuma a rubutu mai kalmomi 450 ɗalibi kan tara su tun bai gama sakin layi na biyu ba. Layinki ɗaya nan yana ɗauke da huɗu: waƙafi uku da "it was".

Saboda haka ki riƙa ware minti 10 na ƙarshe don bita, kuma kada ki yi bitar komai a zagaye ɗaya. Zagayen farko, waƙafi kawai za ki bi: duk wanda kika tarar, rufe abin da ke gabansa da yatsa, ki karanta na bayansa. In ya tsaya shi kaɗai a matsayin jimla, kuma na gaban ma haka, waƙafin ya shiga gonar aya. Zagaye na biyu ki bi aikatau, ki tabbatar kowanne ya dace da mai aikinsa, kuma labarin da ya fara a shuɗaɗɗen lokaci bai zame zuwa na yanzu ba.

Tambaya: Na rubuta wa maigidana a ofis cewa "I have submitted the file yesterday", sai ya soke "have". Ni kuwa na ga ai aikin ya riga ya faru.
Wani ma'aikaci daga Katsina

Amsa: Maigidanka ya yi daidai, Malam. "Na miƙa fayil" ta Hausa tana ɗaukar abu biyu da Turanci ya raba. In ka faɗi lokacin da ya riga ya wuce ya rufe, irin su jiya ko bara ko 2019, to "I submitted" za ka ce. In ba ka faɗi lokaci ba, abin da ya dame ka kawai shi ne a san fayil ɗin yana can yanzu, sai ka ce "I have submitted the file." Gwajin mai sauƙi ne: in jimlar tana amsa tambayar "yaushe?", cire "have".

Ƙanwar wannan matsala ita ce "since" da "for". "Since" ita ce "tun", tana son ranar farawa: "since Monday", "since 2015". "For" tsawon lokaci take aunawa: "for three days". Wanda ya rubuta "since three days" ya ɗauko "tun kwana uku" ne kai tsaye. Sannan "ina aiki nan tun 2015" ba "I am working" ba ce, "I have been working here since 2015" ake cewa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, boko na bai yi nisa ba amma ina hulɗa da baƙi. Na ce wa wani "borrow me your biro", sai ɗana ya ce ba haka ake faɗa ba. Ku raba mu gardama.
Wani mai shago a Kantin Kwari, Kano

Amsa: Alhaji, wannan karon yaro ya fi ka gaskiya, amma kana da uzuri. A Hausa saiwa ɗaya ce ke aiki biyu: "na ari biro" da "ara mini biro", ko "na ranci kuɗi" da "ranta mini kuɗi". Turanci ya ba kowane ɓangare kalmarsa. Mai bayarwa "lend" yake yi, mai karɓa "borrow". Don haka ko dai "lend me your biro" ko "may I borrow your biro?"

Tun da ka taɓo nan, bari mu zazzage jakar, domin kalmominmu masu faɗin ciki su suka fi kayar da mutane. Ɗauki "sha". Muna shan ruwa, mu sha magani, mu sha mangwaro, a sha taba, a sha wahala. Bature ruwa da dangoginsa kawai yake "drink". Magani "take", mangwaro "eat", taba "smoke". Haka "ji": kunne "hear", wari ko ƙamshi "smell", zafi ko yunwa "feel", fahimtar harshe "understand". Wanda ya ce "I am hearing smell" ko "I don't hear French", Bahaushe zai gane shi nan take, baƙo kuwa zai tsaya yana kallonsa. "Ina zuwa" da muke faɗa muna ficewa daga shago, in ka mai da ita "I am coming" kana ba mutum baya, ka rikita shi. "I'll be right back" ce. "On" da "off" kuma ba aikatau ba ne, sai an jingina su da "switch" ko "turn": "switch off the fan".

Akwai wadda ta fi waɗannan haɗari ga mai ciniki. In aka tambayi Bahaushe "Ba ka biya ba?" yakan ce "E", yana nufin e, ban biya ba. A Turanci amsa gaskiyar lamarin take bi, ba siffar tambaya ba. In aka ce maka "Haven't you paid?" kuma ba ka biya ba, amsarka "No, I haven't." In ka ce "Yes", ka shaida masa ka biya. Kada ka bar "yes" ko "no" tsirara a irin wannan wuri, cika ta da "I have" ko "I haven't".

Tambaya: Mene ne bambancin "its" da "it's"?
Wani ɗalibin kwalejin ilimi daga Gumel

Amsa: "It's" gajartawar "it is" ce ko "it has". "Its" mallaka ce, kamar "-nsa" ko "-nta" na abin da ba mutum ba. Warware ta ka karanta: in "it is" ko "it has" ta zauna daram, sa ɗan waƙafin sama, in ta yi banbaraƙwai, bar shi. Haka "yours", "hers", "ours" da "theirs", babu mai ɗaukar alamar. A kan suna kuwa wurin zamanta ke nuna adadi: "the student's books" na ɗalibi ɗaya, "the students' books" na ɗalibai. Ba a yin jam'i da ita sam, ko da allunan shaguna sun cika gari da "Tailor's wanted".

Tambaya: Kwamfuta tana ja mini jan layi a ƙarƙashin "informations" da "equipments". Kuma "a" da "the" suna ba ni wahala.
Wata malamar asibiti daga Bauchi

Amsa: Kwamfutar ta yi gaskiya, Malama. Akwai sunayen da Turanci ke ɗauka kamar ruwa ko gari, ana auna su amma ba a ƙirga su: "information", "equipment", "advice", "furniture", "luggage", "evidence". Ba sa ɗaukar "s", ba sa ɗaukar "a", aikataunsu na tilo ne. Mu muna da bayanai da shawarwari da hujjoji, shi ya sa hannu ke zarcewa. In kina son guda ɗaya, ki ce "a piece of advice". Ma'aikaci ɗaya "a member of staff" ne, ba "a staff" ba. Ƙamus na masu koyo, irin na Oxford, yana sa harafin U a gaban sunan da ba a ƙirgawa, C a gaban wanda ake ƙirgawa. Duba wannan harafi kafin ki duba ma'ana.

Batun "a" da "the" kuwa, Hausa ta riga ta ba ki rabin amsa. "Wata mata ta zo" ita ce "a woman came": mai sauraro bai san ta ba tukuna. "Matar ta zauna" ita ce "the woman sat down": an riga an san wadda ake nufi. Inda muke tuntuɓe shi ne wurin da Hausa ba ta sa komai: "ni malama ce" dole ta zama "I am a teacher". Suna tilo da ake ƙirgawa ba ya fita tsirara. Zaɓi tsakanin "a" da "an" kuma kunne ke yinsa, ba ido ba: "an hour" saboda ba a furta h, "a university" saboda da sautin y ta fara.

Tambaya: Da Faransanci na yi karatu, yanzu ina koyon Turanci saboda kasuwanci da Najeriya. Me zan fi kiyayewa?
Wani matashi daga Maraɗi

Amsa: Kalmomi masu kama da juna a ido, ma'ana daban. "Actually" ba "a halin yanzu" ba ce, "a gaskiya" take nufi. "Library" ɗakin karatu ne, ba kantin littattafai ba. "Assist" taimako ne. Halartar taro "attend". Sannan ka daina barin fili kafin alamar tambaya da ruwa biyu, Turanci manne su yake yi da kalma. Sunayen ranaku da watanni da harsuna kuma da babban baƙi suke farawa. A lamba, aya ce ke raba cikakkiyar lamba da ɓangarenta, waƙafi na raba dubbai: 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ba ɗaya da rabi ba. A takardar kuɗi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Tambaya: Ina neman aiki, na fara wasiƙata da "I humbly wish to most respectfully beg to apply". Wani ya ce ta yi nauyi. Ni kuwa na ga ladabi ne, kuma manyan kalmomi ke nuna ilimi. Sannan "colour" ko "color", wanne ne daidai?
Wani mai digiri daga Sakkwato

Amsa: Ɗan uwa, ladabinmu na gaisuwa da durƙuso abu ne mai kyau a zaure, amma wanda ke da takardu ɗari a kan tebur abin da yake nema shi ne wane aiki kake so, me ka iya. Kalma tara ka kashe ba ka faɗi ko ɗaya ba. "I am applying for the post of accountant advertised on 3 March" ta gama magana. Ladabin wasiƙar Turanci yana cikin tsabtarta da rashin ɓata wa mai karatu lokaci.

Manyan kalmomi kuwa, kowace da ka ɗauko ba ka san zamanta ba rami ka haƙa wa kanka. "Use" ta wadatar inda ake cusa "utilise", "start" ta wadatar inda ake cusa "commence". Ka kuma yi aski ga masu maimaita kansu: "return back", "repeat again", "discuss about", "reason being because". "My names are" ma ka bar ta. Ko suna huɗu gare ka, "my name is". Akwai kalmomin da suka zama namu na gida: a Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "Kannywood", "okada", "next tomorrow" da "severally" da ma'anar "sau da yawa". Shigarsu ƙamus shaida ce cewa ana amfani da su a nan, ba lasisin sa su a takardar neman aiki ba. A can ka rubuta "several times".

"Colour" ta Ingila ce, "color" ta Amurka, wadda ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. Duk daidai ne, haɗa su a takarda ɗaya ne laifi. Makarantu da ofisoshin Najeriya tsarin Ingila suka gada, sai ka saita kwamfutarka a kansa, in ba haka ba za ta riƙa mai da maka "centre" zuwa "center" ba ka sani ba.

Ga tsarin wasiƙar: adireshinka da kwanan wata a sama, adireshin wanda kake rubuta wa a hagu, sai "Dear Sir," ko "Dear Madam,", sai kanun magana a layi guda. Sakin layi uku sun isa: aikin da kake nema, abin da ka karanta da inda ka yi aiki da shekarunsu, sai takardun da ka haɗo. In da "Dear Sir" ka buɗe, rufe da "Yours faithfully,"; in sunan mutumin ka kira, "Yours sincerely,". Y babba, f ko s ƙarama, waƙafi a ƙarshe. Sa hannu ya fara zuwa, cikakken suna a ƙarƙashinsa.