Yadda kwamfuta za ta riƙa gwada manhajar ESP32 da kanta

Tambaya: Malam, ina rubuta manhajar da ake lodawa a kan ESP32, ƙaramin allon lantarki da ake sarrafa na'urori da shi. Duk canjin da na yi sai na loda, na buɗe Serial Monitor (tagar da ke nuna rubutun da allon ke aikowa), na zauna ina bin rubutu da ido. Akwai hanyar da kwamfuta za ta ɗauke mini wannan aikin?

Amsa: Akwai, kuma kebul ɗin USB da ke hannunka ya wadatar. Aikin da idonka ke yi za ka miƙa wa wata 'yar manhaja a kwamfuta: ta loda, ta tura umarni, ta karanta amsa, ta yanke hukunci. Mafi sauƙi shi ne yaren Python da pyserial, wanda ke ba shi damar magana da allon ta kebul, sai manhajar pytest ta tsara gwaje-gwajen. Idan da PlatformIO (manhajar haɗawa da loda wa irin waɗannan alluna) kake aiki, umarnin pio test yana loda gwaje-gwajen da aka rubuta da Unity (tsarin rubuta gwaji na yaren C), ya kuma karanto sakamakonsu ta layin sadarwa na kebul ɗin. Kamfanin Espressif, mai ESP32, ma yana da pytest-embedded don irin wannan.

Ka fara da gyara yadda na'urar ke magana. Kowace amsa ta zama layi ɗaya mai tsari tabbatacce, misali kalma ɗaya ta nasara ko faɗuwa, sai lambar gwaji. Gudun layin sadarwar dole ya zama ɗaya a ɓangaren kwamfuta da na na'ura. 115200 aka fi amfani da shi, wanda ke ɗaukar kusan haruffa 11,500 a daƙiƙa. In ɗaya yana kan 9600, shirme kawai za ka gani.

Inda nake so ka fi sa hankali shi ne shiru. Manhajar da ta maƙale ba ta cewa ta maƙale, ɗif kawai take yi. Idan mai gwajin, wato manhajar da ke kan kwamfuta, yana jira ba wa'adi, zai kwana yana jira. Don haka kowane karatu ka sa masa wa'adi, in ya cika babu amsa a rubuta faɗuwa, a kuma adana duk abin da na'urar ta faɗa kafin ta yi shiru. Sau da yawa a nan musabbabin yake.

Haka nan kowane gwaji ya fara da sake tayar da na'urar, domin abin da na baya ya bari a ƙwaƙwalwarta yana iya sa mai laifi ya tsira. Allunan ESP32 da yawa ana tayar da su ta siginonin layin sadarwa biyu masu suna DTR da RTS, yadda esptool, manhajar loda wa ESP32, ke yi. Allon Arduino Uno kuwa da zarar an buɗe layin yake sake tashi, shi ya sa umarnin farko yakan ɓace. Maimakon ƙirga daƙiƙu, ka sa manhajarka ta aiko kalmar "shirye", mai gwaji ya yi watsi da rubutun tashi har sai ya ganta.

Ka rufe Serial Monitor kafin gwaji, don manhaja biyu ba sa riƙe layi ɗaya lafiya. A Linux, sunan da ake ba layin, kamar ttyUSB0, yana iya sauyawa, ka nemi na'urar a cikin /dev/serial/by-id.

Kada kuma ka kai komai kan na'ura. Lissafi da tace saƙonni a gwada su a kwamfuta, ya fi sauri nesa ba kusa ba. A bar wa allon abin da sai shi: ƙafafunsa da ake jona wayoyi, lokaci, na'urorin awo da Wi-Fi.