Jitata tana ƙugi, wane fikof zan saka?

Tambaya: Malam, ina da jitar lantarki ƙirar Stratocaster, amma ƙugi take yi da zarar na haɗa ta da amfilifaya. In canza fikof, wato na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya? Daga mai karatu a Jidda.

Amsa: Ɗan'uwa, fara duba wayar ƙasa, wataƙila dalmarta ce ta saki. Idan lafiya take, to halin fikof mai naɗi ɗaya ne, yana kwasar ƙugin lantarkin Saudiyya mai 60Hz. Hambaka, wato fikof mai naɗin waya biyu, ita ke maganinsa, naɗinta biyu suna kashe ƙugin juna. Babbar hambaka ba za ta shiga ramin tsohon fikof ba sai an sassaƙa, don haka nemi siririya irin Seymour Duncan Hot Rails. Canza mamurɗin sauti na jikin jitar daga mai lamba 250k zuwa mai 500k, in ba haka ba muryar za ta dusashe. Wajen saita tsayin hambakar, danne tsirkiya a matakin ƙarshe na wuyan jitar, ka bar tazarar kamar milimita 2 tsakaninta da hambakar. Idan hambakar ta matso sosai, maganadisu zai ja tsirkiyar ya ɓata sauti.