Shin tabaran VR na raba mutum da tsoron hawa sama?

Tambaya: Likita, ni ko bene hawa biyu na hau na leƙa ƙasa, sai ƙafafuna su kama rawa, gumi ya keto min. Gadar sama ma kewaye ta nake yi. An ce akwai wani tabarau na kwamfuta da ke maganin wannan. Da gaske ne, ko talla ce?

Amsa: Da gaske ne, malam, sai dai maganin ya girmi tabaran. Duk ranar da ka kewaye gadar nan, hankalinka yakan kwanta nan take, ƙwaƙwalwa kuma ta ɗauka gudun ne ya cece ka, gobe tsoron ya ƙaru. Shi ya sa tun da daɗewa masana halayyar ɗan'adam ke sa mai tsoro ya tunkari abin daki-daki, ya daure ya tsaya har bugun zuciyarsa ya lafa da kansa.

Tabaran VR, wato tabaran kwamfuta mai nuna maka wuri kamar kana cikinsa, wannan aikin yake sauƙaƙawa. Da an ɗaura maka shi, za ka gan ka a bakin baranda, duk inda ka juya kai hoton ya bi ka. Ka san sarai a ɗakin likita kake, ƙafarka a kan siminti, amma jiki bai san wannan zance ba: tafin hannu ya jiƙe, gwiwa ta yi sanyi. Hakan ake so, don tsoron da bai taso ba babu yadda za a yi a horar da shi.

A 1995 Barbara Rothbaum ta Jami'ar Emory a Amurka da abokan aikinta suka gwada shi a kan ɗalibai, da gadoji da baranda da lif na gilashi, tsoronsu ya ragu. A 2018 Daniel Freeman na Jami'ar Oxford a Ingila ya yi gwaji da mutum 100, waɗanda a matsakaici sun kai shekara 30 suna fama. Kusan rabinsu sun yi zama wajen shida na minti 30 da tabaran cikin mako biyu, mai koyarwar ma ta cikin kwamfutar ce. A cikin tabaran suna hawa bene mai hawa goma, har da sauko da kyanwa daga reshen bishiya. A matsakaici tsoronsu ya ragu da kashi 68 cikin ɗari.

Inda nake jan kunne shi ne masu sayen tabarau su faɗa bidiyon ƙololuwar gini tun ranar farko. In ka firgita ka fizge shi, ka sake gudu ke nan. Daga ƙasa ake farawa, ƙarƙashin kulawar masani, a ƙarshe kuma dole ka taka gadar gaske.

Wasu tabaran yakan sa su jiri da tashin zuciya, mai farfaɗiya kuwa sai da izinin likitansa. In kuma kana jin hajijiya ko kana kwance a gado, fara zuwa a duba maka kunne, don can ma matsalar kan taso.